Tsohuwar da Ta Ƙwace Mini Ludayi

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata da hantsi Ya karɓi abinSa, uwar mijina, wadda duk unguwarmu ke kira Inna. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ita dai ba ta taɓa barin kowa ya huta ba, amma wannan wata magana ce.

Kwana uku ina zaune a tabarmar makoki ina karɓar gaisuwa, kwana ukun nan kuwa ina cika ina batsewa. Duk wadda ta shigo ta durƙusa ta yi addu'a, sai ta ɗora da, "Allah Sarki, baiwar Allah mai haƙuri." Ta farko na ce amin. Ta goma ma na ce amin. Da wata ƴar'uwarta da ta zo daga Dabaga ta ce wai ko yatsa aka sa mata a baki ba ta cizawa, sai da na ɗago kai na dube ta, in ga ko mutum ɗaya muke wa zama. Inna ce ba ta cizo? Matar da ta taɓa mayar da tuwon suna har gidan mai jego ta ce a sake tuƙawa?

Har wasu ƴan mata na wani furoje, wato shiri na kiwon lafiya, sun zo da mota. Wai sun ji ita ce ta fara sansibilizasiyon, wato wayar da kan jama'a, a unguwar nan, suna son hotonta. Da tana da rai, da ta tambaye su ko da miya ake cin abin. Tsohuwar ƙawarta guda da ta rage ita kaɗai ta yi mata adalci. Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "To yau wa za ya zage mu?"

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron nan da sadakar arba'in a gama mayar da ita wata saliha marar baki wadda babu wanda ya taɓa sani.

Ɗiyar madugu ce. Ubanta yana kai ayari Bilma ya dawo da gishiri da dabino, kuma har ta mutu ba ta bar kowa ya manta da haka ba. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, harshenta ne ma'auninta. In ta shiga gidanki, kafin ta gama "ina kwana" ta isa murhu, ta buɗe tukunya, ta ɗanɗana, ta yanke hukunci. Tana da magana guda da ta gaji da mu da ita: "Wanda bai riƙe ludayi ba, surutu kawai yake yi." Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni gidan ta sa mini suna Madam, don na yi lakwal kuma ina aiki a likitar unguwa, ƙaramin asibitinmu, da farar riga. Kada wani ya ɗauka girmamawa ce.

Abin da ya haɗa mu ya faru ne a babban fari na biyu, zamanin sojoji. Raƙuma sun mutu, ayari ya tsaya, rijiyoyin garake, wato lambunan Dabaga, sun ƙafe. Buzaye da suka rasa dabbobinsu sun sauko sun kafa bukkoki a bakin gari. Hatsi ya ɓace daga kasuwa, sai jar dawar taimako da ake saukewa daga manyan motocin kamiyo, soja na tsaye da bulala a kan layi. Maigidana direban kamiyo ne a hanyar Dirku, in ya tafi sai an ga wata ya kama.

A wannan hali aka aiko mana wani shiri daga Yamai: a koya wa iyaye mata abinci mai gina jikin yara. Aka haɗa mu da manyan hotuna na liƙawa a bango, masu kifi da lemu da karoti da ƙwai, da wani yaro ɓul-ɓul yana dariya. Kifi fa, a Agadas, a shekarar da akuya ke cin takarda. Ana ga yaƙi, mu muna ga ƙura. Ni aka ɗora wa aikin, kuma kada in yi ƙarya, na karɓa da alfahari.

Kowace Alhamis sai in hura wuta a filin likita in dama kunu irin na takarda, cokali kaza na gari, cokali kaza na garin madara. Ƴan matan aure su zo su jeru, don an ce umurni ne daga sama, kuma ana ba da gwangwanin madara. Su ja mayafi su sunkuyar da kai. In yi ta zuba kamar rediyo, su ce, "To, Madam." Babu mai tambaya, babu mai musu. Su tafi, mako ya zagayo, yara na ƙara ramewa. Na riƙa cewa taurin kai gare su.

Abin haushin shi ne na san gaskiyar magana. A garin nan aka haife ni. Na san ranar da aka yaye yaro ake ɗauke shi a kai wa kakarsa, ita ke damawa, ita ke ba shi. Na san yarinya mai ɗan fari ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban surukarta ta ce ga abin da za a ba shi. Amma sai in rataye wannan sanin tare da mayafina duk lokacin da na sa farar riga. Wata da watanni muna koya girki ga waɗanda ba su da tukunya.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A cikin farin nan na yaye nawa ɗan farin. Inna ta zo da kanta ta saɓa shi a baya ta ƙetara da shi sashenta, tana cewa, "Taho, mijina, mu bar Madam da takardunta." Ban hana ba, don haka aka yi wa kowa. Sonsa take kamar ranta, wannan ban taɓa shakka ba. Tana dama masa kunun jar dawa tsararo ta cika shi da sukari, ta ba shi shayin ƙarshe, ta hana kanta ta ba shi. Wake kuwa ta ce yana kumbura ciki. Ƙwai ta ce yaron da ya ci shi ɓarawo zai zama.

Ni kuma daga nesa nake kallonsa, ta gefen ido, kamar mai satar kallon ɗan wata. Na ga ya daina wasa. Na ga gashinsa ya fara ja yana laushi. Na ga kumatu da ƙafafu sun cika, kuma na san wannan cikar, don kullum ina ganinta a likita, ina kuma ganin inda take kai yaro. Inna kuwa murna take, tana ɗaga shi tana nuna wa maƙwabta. "Ku dubi mijina, a cikin yunwar ga shi ƙiba yake yi."

Wata rana da azahar ta ta da salla, yana zaune a bakin ƙofarta. Na lallaɓa na tsuguna na danna yatsa a bayan ƙafarsa. Na ɗaga, ramin ya zauna. Ban san ta sallame ba sai da na ji muryarta a kaina.

"Madam, mi kike nema ga ƙafar mijina?"

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. In ba a canja masa abinci ba za mu rasa shi."

Sai ta yi mini wankin babban bargo. Ta ce lakwal ta cinye mini kunya, tunda har na iya taɓa ɗan fari a gabanta ina masa mugun baki. Ta ce kafin a haifi wanda ya rubuta takarduna take yaye. "Ɗiya bakwai na yaye da hannun ga," in ji ta.

Na ce, "Nawa suka rayu, Inna?"

Uku ne suka rayu. Na sani, ta san na sani. Ta juya. Ta naɗe tabarmar sallarta, ta ɗauki yaron ta shiga ɗaki ta saki labule. Duk tsawon rayuwata ban faɗi maganar da na yi nadamarta kamar wannan ba, kuma har yau ban san wace zan faɗa a madadinta ba.

Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba, ba ta fito da shi ba. Na yi tunanin in shiga in ɗauke shi da ƙarfi, na yi tunanin abin da gari zai ce, kuma don in faɗi gaskiya, abin da gari zai ce ya rinjaye ni kwana biyu cur. Ranar Alhamis na tafi aiki da idanu a kumbure, na hura wutata, na fara karatuna. Ina cikin nuna kifi da sanda sai na ga ƴan matan sun dare. Inna ce ta shigo, goye da yaron, tsofaffi uku na biye da ita.

Ba ta zauna ba. Ta zo ta zare ludayin daga hannuna kamar nata ne, ta kurɓa, ta yamutsa fuska ta tofar.

"Wanga ne kuke tara mutane a kai? Ko akuya ba ta shansa. Tsamiya ba ta ji ba."

Na ce babu tsamiya a takarda.

"To takardar ta sha abinta. Faɗa mini mi ad dole a ciki, ki bar mini sauran."

A gaban ɗalibaina aka mayar da ni ɗaliba. Na haɗiye, na ce dole akwai wake ko ƙuliƙuli, da ɗan mai, kuma kada ya yi ruwa. Ta ce waken da nake sawa ɗanye ne, shi ya sa yake gafi, a soya shi a kasko tukuna a daka. Ta kwance bakin zanenta, ga tsamiya ga dabino, ashe da shirinta ta zo. Ɗaya tsohuwar ta karɓi turmi, ɗaya ta gyara mini wutar da ta ce na hura kamar mai jin tsoron itace. Da na ambaci ƙwai ta ɗaga hannu. "Ƙwai dai ba ni ba shi. Ki zaɓa, wake ko gardama." Na zaɓi wake.

Da kunun ya huce sai ta kwance goyon, ta ɗora mini shi a cinya a gaban kowa, ta ɗaga murya don na baya su ji.

"Madam, ga wani yaro. Uwarshi aiki ya yi mata yawa. Ke da an ka ce kin iya, gwada mu gani."

Babu wadda ba ta san ɗan wa ne ba a filin nan. Babu kuma wadda ta yi ko tari. Muddin ina cikin farar rigar nan ni ba uwarsa ba ce, ma'aikaciya ce, kunya ba ta hau kaina ba. Ita ta gano wannan ƙofar, ba ni mai ilimi ba. Na ɗebo a ƙaramin ludayi na kai bakinsa. Ya kau da kai sau biyu, a na uku ya kurɓa, ya tsaya yana jin tsamin, ya sake buɗe baki. Na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Majo, babban ma'aikacinmu, ya duba shi ya ɗora shi a kan magani, ya ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Daga ranar kullum da safe Inna ke goyo shi ta kawo wa Madam, ta zauna a gefe tana kushe yadda nake riƙe ludayi. A hankali kumburin ya saɓe, ya zama ɗan tsurut abin tausayi, daga baya nama ya fara zama. Ranar da ya kwaɗa mata ludayi a goshi ya yi dariya, ta ce shi ke nan, ya warke, halin ubansa ya dawo.

Filin likita kuwa ya koma na tsofaffi. Su ke gardama, su ke tambaya, su ke cewa wannan ƙarya ne, wannan kuma a gwada. Sannan Inna ta fito da wata dabara da babu ita a kowace takarda. Duk gidan da ta ji an yi yaye, sai ta dama kunun ta aika da kwano da sunan barka. Kwanon gaisuwa ba a mayar da shi, kuma wadda ta ɗanɗana sai ta zo tambayar abin da aka sa. Har bukkokin bakin gari ta kai da ƙafarta, wurin matan da suka gwammace yunwa da tsayawa a layi. Layi suke ƙi, baƙuwa mai kwano ba su ƙi ta ba. Ba duka yaran suka tsira ba, kada a ce na ce. Mun binne da yawa a shekarar nan. Amma akwai magidanta a garin nan yau da ba su san kwanon wa suka sha ba.

Da wani babba ya zo daga Yamai, da soja a gaban motarsa, ya ga fili cike, sai ya jinjina kai ya ce lallai hotunan sun yi aiki. Ya koma ya aiko mana da wasu ɗauri biyu. Inna ta roƙi guda biyar, na ba ta ina murna ta fara sauka. Ashe tumatir za ta shanya a kai.

Haka ta yi da zancen motsa jiki. An taɓa yin shela a zamanin cewa kowace Asabar kowa ya fito gudu a filin wasa don lafiya. Ta ce a gaya wa kumandan da ya sa aka yi shelar ya zo ya daka mata jar dawa turmi uku, in ya gama ita za ta je ta yi masa gudun. Shekaru bayan haka, da jiki ya yi mata nauyi tansiyo, wato hawan jini, ya kama ta, na ce ta riƙa zagaya unguwa da safe. Ta ce ita ba karya ba ce da za ta yi yawo ba dalili. Sai na ari dabararta. Kullum in dawo da labari: wance ta can ƙarshen gari ba ta jin daɗi, jikar wance ta sauka, ba a ga ƙafarki ba. Ta harare ni ta ce, "Na san abin da kike yi, Madam." Amma ta ɗauki mayafi, ta biya ta tayar da ƙawayenta, su yi ta tafiya suna zagina har su je su dawo. Sun fi shekara goma a haka. Gishiri ne kawai na sha kaye a kansa. Ɗiyar madugun Bilma ba ta rage gishiri don wata mai farar riga, haka ta ce, haka kuma ta mutu.

Maganar da na faɗa mata ranar nan ba ta taɓa tayar da ita ba, sai sau ɗaya. Muna tsintar wake, ta tsufa sosai, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Da na shiga ɗaki na danna ƙafar da kaina. Ramin ya zauna. Sai na tuna ƙafar biyu daga cikin nawa." Na buɗe baki zan roƙi gafara, ta ce, "Kina zubar da wake."

Yaron nan yau magidanci ne, furfura ta fara fito masa a gemu. A ɗakinta ya girma, ita yake kira Inna, ni kuwa Madam, don abin da ya ji ana kirana ke nan. Har yau ban faɗi sunansa ba. Duk abin da ke tsakanina da shi ta hannunta yake bi. In na ga ya rame sai in ce, "Inna, mijinki fa ba ya cin abinci," ita kuma ta je ta balbale shi. In shi yana son ya san lafiyata, ita yake tambaya.

Shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Tun da aka dawo ya zauna a zaure tare da maza, matarsa ta ce mini ko ruwa sai an matsa masa, kwano uku ya mayar ba a taɓa ba. Ran kwana na uku da la'asar, da mutane suka ragu, na tashi na soya wake na daka, na jiƙa tsamiya, na dama kunun. Na zuba a kwano na rufe, na juya wajen ɗakinta na ce, "Inna, ga na mijinki." Sai da maganar ta fita na ga labulen a ɗage, gadon babu shimfiɗa.

Na daɗe tsaye da kwanon a tsakar gida. Haushinta ya kama ni sosai, ta yi shekara da shekaru tana tsakaninmu, ta tafi ba ta nuna mini hanyar da zan bi ba. Farar riga kuma na ajiye ta tuntuni. Na ja mayafi na nufi zaure da kaina. Shi kaɗai ne a ciki, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ga ni ce sai ya yunƙura zai tashi, na ce ya zauna. Na ajiye kwanon a gabansa na miƙa masa ludayi.

Na ce, "Ka sha. Babu mai aiko maka kuma, sai ni."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya kurɓa, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Madam, tsamiya ba ta ji ba."

Na zauna a bakin tabarmar har ya shanye. Allah Ya gafarta miki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya ba masu dafa abincin Aljanna haƙurin zama da ke.